Giyar Buri ta Tokuji

A ƙauyenmu da ke saman Katsunuma, inda rumfunan inabi suka lulluɓe gangare har bakin rafi, an yi wani Tokuji na gidan Amemiya, mutumin da bakinsa ke riga ƙafarsa isa ko'ina. Tun yana saurayi ya tattara ya tafi Tokiyo, ya bar wa wansa Shozo wahalar gona. Abin da ya yi a can babu mai iya rantsewa. Shi dai ya ce manyan otal-otal yake koya wa zaɓen giya. Wani ɗan garinmu da ya taɓa cin karo da shi kuwa ya ce tabarau yake sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa. Sai da Shozo ya mutu sannan ya dawo, da akwati guda, da farar hula, da wani takalmi mai tsini wanda ba don taɓo aka yi shi ba.

Matar marigayin, Kinuye, ita ke riƙe da gonar. Gajeriya ce mai kaurin hannu, wadda dillalan birnin Kofu kan sauya hanya idan sun hango ta, don in ta sa wa kwandon inabi kuɗi, sai dai mai saye ya gaji ya biya. Karatu bai dame ta ba. Sunanta ta iya rubutawa, sai na mijinta, kuma duk da haka ba a taɓa yi mata wayo a ciniki ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ba a raba gonar ba. Rabi na Shozo ne, rabi na Tokuji. Shi kuwa Tokuji tun bai kwance akwati ba ya fara auna gangaren da ido, yana cewa nan za a sare itatuwa a yi wa motocin baƙi wurin tsayawa, can kuma a kafa ɗakin shan shayi mai gilashi. Itatuwan da yake nunawa da tsinin takalminsa, Kinuye ce ta riƙe su a tsaye mijinta yana tura musu ƙasa.

Farkon damina ne, lokacin sa malafa. Kowa a garin kansa a sama, wuya ya ƙage, ana ɗaura wa kowane nonon inabi 'yar malafarsa ta takarda mai shafen kakin zuma don kada ruwan sama ya ruɓar da shi. Kinuye ta shigo da rana ta zuba taliya mai faɗi da kabewa a kwano biyu. Tokuji ya ci nasa, ya ƙara, sannan ya ce mata ai wannan aikin malafa da suke yi wauta ce tun ta kakanni. A Tokiyo, in ji shi, mai hankali ba ya yin aiki, sai dai ya sa mutane su biya shi su yi masa. Zai tare motocin masu zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, kowane baƙo ya rubuta burinsa a kan malafa, ya ɗaura da hannunsa. Da kaka a matse inabin, su dawo su sha burinsu a kofi. Har suna ya raɗa mata: Giyar Buri.

Kinuye ta ci gaba da tauna. Ta san in mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi. Ta kuma san in ba a yanke maganar gonar nan ba, wata rana za ta farka ta ji ƙarar zarto. Sai ta ce a kira Baba Hosaka, shugaban ƙungiyar manoman gari, wanda mabuɗin ɗakin matsar inabi ke hannunsa, a yi magana a gabansa.

Aka zauna ciniki. Tokuji ya ce a ba shi rumfar ƙasan gangare shekara guda, in baƙi suka yi wa giyarsa tafi, gona duka ta zama tasa. Kinuye ta ce mutanen birni ko akuya ta yi atishawa tafi suke yi. Ya ce to in sun ce da daɗi. Ta ce ko ruwan wanke-wanke ka miƙa musu za su rusuna su ce ba su taɓa shan irinsa ba, tarbiyyarsu ke nan.

"To me kike so, Yaya?" in ji Tokuji.

"Kofi na biyu," in ji ta. "Na farko kunya ce ke sha. In baƙo ɗaya tak ya miƙo kofi ya ce a ƙara masa, ya kuma shanye a gaban jama'a, na bar maka gonar, na koma Kofu wurin 'yata. In ba a samu ba, ka buga hatiminka ka bar min rabonka."

Tokuji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce kofi na biyu ai raini ne, na biyar za su nema, amma tunda ita ta sauƙaƙa wa kanta faɗuwa, ya yarda. Baba Hosaka ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce ya shaida, kuma don girman kakanni kada wanda ya zo masa da kuka daga baya.

Washegari Tokuji ya tsaya a tsakiyar titi yana kaɗa farar hula, har wata doguwar bas ta ci birki dab da takalminsa. Jagorar baƙin, wata budurwa mai suna Sawada da ke yawo da 'yar tuta a hannu, ta sauko za ta yi faɗa. Kafin ta haɗa kalma biyu ya cika mata kunne da labarin al'adar da ya ce ta girmi haikalin gari, alhali jiya aka haife ta a kan kwanon taliya. Da ta ji ba za a biya komai ba sai da kaka, ta ɗaga tuta, baƙi suka biyo ta kamar 'yan agwagi.

Rumfar gidan Amemiya kuwa daidai tsayin masu ita aka kafa ta, kuma Shozo da Kinuye babu dogo a cikinsu. Baƙon farko ya gwara goshi da ƙarfe. Na biyu wayar rumfar ta kama masa gashi ta ɗage shi gaba ɗaya, ashe na saye ne. Tokuji ya ce kada su damu, sunkuyawar tana cikin al'adar, girmama inabi ake yi. Yana cikin faɗa shi ma ya gwaru, ya haɗiye zafin ya ce sun ga yadda ake yi.

Aka rarraba alƙaluman gashi da baƙar tawada. Nan kuma takarda mai kaki ta ce ba ta san zancen ba. Ana ja mata layi, tawadar sai ta dunƙule kamar ƙwayar carbi, ta gangaro. Ta ɗiga a takalma, ta ɗiga a hannun riga, ta sauka a farin wandon wata mata tun daga gwiwa har ƙasa. Tomeko, maƙwabciyar da shinge kawai ya raba su, ta leƙo da malafu a baki ta ce ita dai ta ga burin wannan baiwar Allah ya cika da wuri, in wando mai zane take nema.

Kinuye tana rumfar sama tana aikinta. A ranta ta ce magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Ashe ba ta ƙare ba. Tokuji ya shiga jirgi ya tafi garin masu yin takarda, ya dawo da damin wata takarda fara sol, mai laushi kamar auduga, irin wadda malaman rubutu ke so. Ya ɗiga mata tawada a gaban Kinuye, ta tsotse nan take. Ya ce ta gani? Wannan ita ce takarda mai ladabi.

"Toku," in ji ta, "malafar da ta sha tawada za ta sha ruwan sama."

"Yaya, ke fa a kan rubutu ba ki da ta cewa."

"Haka ne. Amma a kan ruwan sama ina da ita."

Ya ce wannan maganar mutanen da ce, ya juya.

Abin haushi, sai kasuwa ta buɗe. Sama ta ɗan yi sauƙi kwanakin nan, Sawada ta dawo da wata bas, ta kuma gaya wa abokan aikinta. Rumfar ƙasa ta cika da fararen malafu masu baƙin rubutu, iska na kaɗa su, har Kinuye da kanta ta yarda a ɓoye cewa abin ya yi kyau a ido. Da baƙi sun tafi sai 'yan gari su silalo karatu. Tomeko ce ke karanta wa Kinuye. Ga wata tana roƙon mijinta ya bar aiki ya zauna a gida. Ga ta kusa da ita tana roƙon kada nata ya taɓa barin aiki. Wani yana son gashi ya tsiro masa. Wata ta rubuta sunan surukarta kawai, ba ta ƙara komai ba, Tomeko ta ce wannan ita ta fi kowa bayani.

Kinuye ta yi dariya, amma taliya ta daina wuce mata. Ta taɓa kwana a gidan 'yarta a Kofu, can saman bene, inda tukunyar fure guda ce duk ƙasar da suke da ita. Ta riƙa tsayawa a ƙarƙashin itacen da Shozo ya fi so tana duban motocin da ke tsayawa a ƙasa. Tokuji kuwa ya fara tambayarta, cikin ladabi har da rusunawa, ko ta fi son a kai mata kayanta a mota ɗaya ko biyu.

Sai damina ta tuna da aikinta. Ruwa ya sauko irin mai naci, ba ƙarfi ba tsayawa. Malafun Kinuye suka riƙa zubar da shi ta gefe kamar yadda aka saba. Na Tokuji suka sha, suka ƙoshi, suka sunkuya, suka rungume inabin kamar rigar da aka jiƙa. Buri ya narke. Duk rumfar ƙasa ta koma ɗigar baƙin ruwa, har kwatar da ke bin gefen titi ta yi baƙi ta gangara gonar Tomeko. Tokuji ya ruga ciki da lema, lemar ta maƙale a waya, ya fito ba a gane gabansa da bayansa, farar hular ta koma kalar hankaka.

Maƙwabta suka jeru a bakin shinge. Wani ya tambaye shi ko shi ma wani ne ya rubuta shi. Tokuji ya share ido ya ce su ba su fahimci komai ba, dama haka aka tsara. Ta ina buri zai shiga cikin inabi in bai narke ba? Tomeko ta ce to nata kabejin ma ya samu rabonsa, sai ta jira ta ga ko gashi zai tsiro masa.

Da aka ɗan samu rana, ya ce zai ƙarfafa malafun. Ya dama talgen shinkafa cike da bokiti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, wai in sun bushe za su yi tauri kamar kwano. Kinuye ta buɗe baki, ta tuna wanda zai ci riba in ta yi magana, ta rufe. Kafin talgen ya bushe labari ya kai wa duk mai rai a gangaren. Dodon koɗi suka hau, suka ci takarda har da abin da ya rage na rubutu. Tururuwa ta yi layi. Daga ƙarshe rina suka zo, manyan nan masu jan kai, suka kafa gari a kusurwar rumfar.

Tokuji ya ce a Tokiyo da hayaƙi ake korarsu. Ya ɗaura tsumma a gora ya kunna, ya shiga da ƙarfinsa, yana cewa kowa ya matsa ya ga aiki. Kowa kuwa ya matsa. Ba a daɗe ba ya fito a guje, ya tsallake shingen Tomeko, ya bi ta kan kabejinta, ya faɗa rafi. Takalmi mai tsini ƙafa ɗaya can ya kwana a taɓo. Kwana da kwanaki fuskarsa kamar kabewa, ido ɗaya a rufe. Ko a haka, da Baba Hosaka ya je duba shi, ya buɗe kumburarren leɓe ya ce rina ba sa bin inabin banza, wannan shaida ce.

Kaka ta zo. Inabin Kinuye ya nuna, ya yi jan nan mai haske kamar an shafa masa toka, kowane nono tsaf a ƙarƙashin malafarsa. Na rumfar ƙasa rabi ya ruɓe, rabi ya yi baƙi, takarda ta manne masa kamar fata. Tokuji ya loda shi a amalanke haka nan, ya tura zuwa ɗakin matsa na gari, inda kowa ke kai nasa a haɗa a babbar ganga, a raba giya a manyan kwalabe idan ta yi.

Baba Hosaka ya tare ƙofa. Ya ce wannan kaya ba zai shiga gangar jama'a ba sai an wanke shi, an tsince ruɓaɓɓen. Tokuji ya ce wanke shi ai wanke burin mutane ne, yana so baƙi su dawo su sha ruwan inabi kawai kamar na kowa? Hosaka ya ce to ya kai gida ya dafa. Tokuji ya juya ga mutane ya ce su shaida, an haɗa baki da matar wansa an hana shi matsa, don haka alkawari ya tashi.

Nan Kinuye ta aje kwandonta. Ba za ta bari ya fita ta wannan ƙofa ba. Ta ce a ba shi ƙaramar gangar da ke kusurwa, ya matsa nasa shi kaɗai bayan kowa ya gama. Hosaka ya ce wa zai wanke injin? Ta ce ita. Ya ce gangar fa, in ta ɗauki wari? Suka yi ta ja, ita tana ragewa shi yana ƙarawa, har suka tsaya a kan za ta ba ƙungiya duk kabejin da ta tsima a gishiri bana. Tomeko ta raɗa mata cewa ba ta taɓa ganin mai sayen igiyar da za a ɗaure ta ba. Kinuye ta ce igiyar dai an saya, wanda za a ɗaure ne ba a sani ba tukuna.

Aka matsa, har da takardun. Abin da ya fito ba fari ba ne kamar giyar garinmu, ba kuma ja ba. Baba Hosaka ya sunsuna gangar bayan ta tafasa ta lafa, ya ce shi dai ajin makarantarsu ta firamare ya tuna. Tokuji ya ce wannan ƙamshin ilimi ne. Bai ɗanɗana ba. Ya ce mai giya na gaske ba ya taɓa giyarsa kafin baƙonsa.

Ranar buɗe sabuwar giya aka shimfiɗa tabarmi a filin gaban ɗakin matsa, ganyen rumfuna ya yi ja ya fara zuba. Kowane gida ya kawo ƙatuwar kwalbarsa da kofunan shayi, don mu da su muke sha. Motocin Sawada suka iso cike, duk waɗanda suka ɗaura buri sun dawo karɓar abinsu, har da mai farin wando, yau ta sa baƙi. Tokuji ya hau kan akwatin inabi da sabuwar hula ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce yau Katsunuma za ta shiga tarihi, Faransawa ma za su zo koyo. Kinuye ta zauna a gefe kusa da Baba Hosaka.

Aka zuba, aka miƙa wa kowa. Suka ɗaga kofi tare, suka kurɓa tare. Maƙogwaro ya riƙa hawa yana sauka da ƙyar. Sannan, kamar yadda Kinuye ta faɗa, suka rusuna, suka ce lallai ba su taɓa shan irinta ba. Sai suka yi murmushin ladabi, kowa ya ga bakin ɗan'uwansa.

Haƙora baƙi ƙirin. Leɓe baƙi, harshe baƙi. Sawada ta rufe baki da tutarta. Wani miji ya dubi matarsa ya ja da baya. Baba Hosaka ya ce rabon da a ga irin wannan kwalliya tun zamanin kakar kakarsa, lokacin da matan aure ke rina haƙori. 'Yan gari suka kasa riƙewa, Tomeko har da kwanciya a tabarma.

Tokuji ya ce wannan alama ce buri ya kama. Ya ɗauki kwalba ya fara zagayawa. Duk wanda ya nufa sai ya kife kofi, ko ya rufe da tafin hannu yana godiya. Wata ta ce likita ya hana ta. Wani ya ce shi zai tuƙa mota, alhali a bas ya zo. Kinuye ta fara sakin numfashi.

Sai wani dattijo mai farin gemu, wanda gemun ya yi zane-zane yanzu, ya miƙo kofinsa da hannu biyu ya ce, "A ƙara min, in ba damuwa."

Kinuye ta dubi kofin. Ta ga benen Kofu, ta ga tukunyar fure. Tokuji ya cika kofin har yana zuba, yana kiran Hosaka da Kinuye da duk gari su buɗe ido su gani. Dattijon ya karɓa, ya aje a tabarma, ya zaro alƙalamin gashi daga aljihu, ya tsoma, ya ja layi a kan hankicinsa. Ya ɗaga ya duba a rana, ya gyaɗa kai. Ya ce shekararsa da yawa yana koyar da rubutu, bai taɓa samun tawada mai gudu haka ba, ko za a sayar masa da kwalba guda?

Tokuji ya ce dattijon ya nemi ƙari, kowa ya ji. Hosaka ya ce an ji, saura shanyewa. Tokuji ya durƙusa gaban dattijon yana roƙo ya ɗan kurɓa, ko don albarka. Dattijon ya ce ya yi haƙuri, ɗana, kofin farkon ma bai yanke shawarar zama a ciki ba tukuna.

Sawada ta fara kaɗa tuta tana tara mutanenta. Tokuji ya ga gona tana hawa bas tana tafiya. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sai dabara ta faɗo masa, irin tasa. Ya koma kan akwati ya ce a tsaya. Alkawari ya ce baƙo, ko ba haka ba? To shi fa? Tun yana saurayi ya bar garin nan. Haƙoransa a Tokiyo aka cike su. Bai san sa malafa ba, bai san hanyar rafi ba sai da rina suka nuna masa. Duk filin nan babu baƙon da ya kai shi.

"Toku," in ji Kinuye a hankali, "ka tabbata?"

"Na tabbata, Yaya. Baba Hosaka, ka shaida. Ni baƙo ne a garin nan."

Hosaka ya ce ya shaida, gari ma ya shaida.

Tokuji ya zuba kofin farko ya kafa kai. Idonsa ya kawo ruwa, kunnensa ya motsa. Ya miƙa wa Tomeko kofin ya ce a ƙara masa. Ta cika masa har baki, ba ta rage ko ɗigo ba. Ya rufe ido ya tura shi, yana haɗiya yana shure-shure, har ya ga ƙasan kofi. Ya kife shi, ya buɗe baƙin bakinsa ya ce gona ta zama tasa.

Kinuye ta tashi, ta gyara ɗamara, ta je gabansa ta rusuna irin rusunawar da take yi wa masu saye in an gama ciniki. Ta ce ta gode da ziyara. Sannan ta juya ga Hosaka ta ce ita mace ce marar karatu, a warware mata. Da ƙanin mijinta, ɗan gida mai rabin gona, ta yi alkawari. In wannan da ya sha baƙo ne, to ina ɗan gidan da za ta miƙa wa gonar? In kuma ɗan gida ne, to wane baƙo ne ya sha kofi na biyu?

Hosaka ya sosa ƙeya, ya ce shi ma abin da yake lissafi ke nan. Ya tambayi Tokuji wanne ya zaɓa. Tokuji ya buɗe baki ya ce ɗan gida, ya ga inda ta nufa. Ya ce baƙo, ya ga nan ma rami ne. Ya ce ai ana iya zama duka biyu. Tomeko ta ce ana iyawa, amma sai an sha kofi huɗu, ta ɗaga kwalbar. Tokuji ya dubi kwalbar, cikinsa ya yi wata ƙara da har na bayan fili suka ji. Ya laluba aljihu ya fito da hatiminsa, ya miƙa wa Hosaka ba tare da ya dubi kowa ba.

Kinuye ta jira har aka buga hatimin a takardar gonar, ta sa Tomeko ta duba mata ko ya fito sosai. Sannan ta zaɓi nonon inabi mafi kyau a kwandonta, ta naɗe a takarda kamar yadda ake yi wa baƙo tsaraba, ta danƙa masa. Ta ce ɗakinsa na nan, taliya na nan, duk ranar da ya ga dama ya zo a matsayin ɗan gida, akwai aiki. Yau dai tunda baƙo ne, kada bas ta tafi ta bar shi.

'Yan gari suka raka shi har bakin mota, suna rusunawa suna cewa ya sake zuwa baɗi. Yana hawa yana gaya wa dattijo mai gemu cewa dama can tawada ya yi niyyar yi, giyar gwaji ce kawai. Kinuye ta zagaya wajen direba ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ka ba wancan mai hula kujerar bakin ƙofa," in ji ta. "Kofi biyu ya sha, hanyar kuma duk kwana-kwana ce."